Kular Kurciya

"Mama, me ya sa Iya take riga ni cin abincina?"

A cikin motar haya Kurciya ta yi wannan tambayar, da ƙarfi kuwa, irin na yarinya 'yar shekara huɗu da ba ta san ana rage murya ba. Matar da ke gefensu ta juyo. Wani mutum a kujerar baya ya yi gyaran murya. Maman Kurciya ta ji kunnuwanta sun ɗau zafi. Ta tambaye ta wace Iya, alhali ta san Iya ɗaya ce, dattijuwar da ke kula da ajin ƙanana a gidan rainon da take ajiye yarinyar kullum kafin ta wuce aiki. Kurciya ta ce ita dai, Iya mai raino. Kullum sai ta buɗe kular abincinta ta sa cokali ta ci. Wata rana ta miƙo mata, wata rana kuma ta rufe ta ajiye, ta ba ta burodi da ayaba.

Da a wata ranar tambayar ta zo, ƙila da dariya uwar za ta yi ta ce gobe za ta tambaya. To amma ranar Laraba ce, kuma Larabar ba ta zo mata da daɗi ba. A ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti take aiki, ita ke ɗibar jinin marasa lafiya. Da safen wani ƙaton mutum ya zo, jijiyarsa ta ɓuya, ta soka allura sau biyu ba ta samu ba, ya dube ta a gaban layi ya tambaye ta ko a jikin lemo ta koyi aikin. Mutane suka yi dariya. Da rana kuma oga ya tsare ta a kan wata kwalbar jini da aka liƙa wa takardar wani daban, alhali ba ma rubutunta ba ne a jiki. Ta haɗiye duka biyun, don mai son aikinsa haka yake yi. Haushin yana nan cunkushe a ƙirjinta yana neman inda zai sauka, sai ga Kurciya ta miƙo masa Iya.

Suna hawa benen gidansu ta wuce kicin ko mayafi ba ta cire ba. Ta buɗe kular. A wanke take tas, har ƙamshin sabulu take yi. Wata biyu ke nan kular tana dawowa haka, kuma duk tsawon lokacin nan kirki ta ɗauki abin, har ta taɓa ce wa mijinta tsohuwar nan tana da tsafta. Yau da ta dubi wannan ƙyallin, goge sawu ta gani. Wa ya sa ta wanki? Me take ɓoyewa?

Daga nan sai abubuwa suka riƙa zuwa mata da kansu, ɗaya na jan ɗaya. Ta tuna siket ɗin Kurciya da ta sayo da ɗan girma don ta cika shi, har yau yana mata yawa. Ta tuna Iya ta yi kumatu kwanan nan. Ta tuna ƙatuwar jakar da tsohuwar ke rataye da ita in za ta tafi gida. Ko kumatun nan na gaske ne ko a ranar suka tsiro a idonta, ba ta tsaya tantancewa ba. Kowace shaida ta ƙara mata haushi, haushin kuma ya koma ya tono mata wata shaidar. Ita da take dafa abincin nan da yamma bayan ta wuni a tsaye, ta tashi ƙarfe huɗu da rabi ta ɗumama shi, ta tsince ƙayar kifi ɗaya bayan ɗaya da yatsunta, ashe wata ƙatuwa take yi wa hidima.

Baban Kurciya mai gyaran wutar lantarki ne. Ya shigo da yamma da igiyar waya rataye a wuya, ya tarar da ita ta cika ta yi fam. Da ya ji labarin sai ya yi dariya, ya ɗaga Kurciya sama ya ce ashe shugabar ƙasa suke da ita a gida, har da mai ɗanɗana mata abinci. Ganin fuskar matarsa ya sa ya sauke yarinyar da dariyar tare. Ya ce abin mai sauƙi ne, gobe ta ja matar gefe ta tambaye ta.

"In tambaye ta ta ce min me? E, ni ke cinyewa?"

Ya ce shi dai a aikinsa ba ya yanke waya sai ya sa abin gwaji ya ga ko da wuta a jiki. Ta ce ya bar mata zancen wayoyinsa, 'yarta ce ake bari da yunwa, kuma tunda shi ba ya tashi da asuba ya ɗora tukunya, dole abin ya zame masa abin dariya. Ya ɗauki tawul ya shige banɗaki. Wannan shirun nasa ma ta lissafa shi cikin masu goyon bayan Iya.

Washegari ta roƙi abokiyar aikinta ta riƙe mata layi na awa guda. Ƙarfe ɗaya saura kwata tana tsaye a bayan tankin ruwan gidan rainon, inda ake hango tagar ajin ƙanana. Yara goma sha biyu a kan tabarmar roba, kowa da kwanonsa. Ta ɗaga wayarta ta fara ɗauka.

Iya ta jawo jar kular nan. Ta buɗe, ta kai hancinta, ta sa cokali ta kai baki. Sai ta juyar da kai wajen bango, ta ɗan sunkuya. Maman Kurciya ta ce a ranta, ga shi nan, ɓoye baki take yi kada yara su ga tana tauna. Iya ta mayar da murfin, ta tura kular ƙarƙashin tebur kusa da jakarta. Daga cikin jakar ta ciro burodi da ayaba biyu, ta ɗora Kurciya a cinya tana gutsura mata. Kurciya tana ci tana ƙyalƙyala dariya, tana wasa da ɗan kunnen tsohuwar. Wannan dariyar ta fi komai ƙona wa uwar rai. An cinye mata abinci, an kuma saye ta da ayaba.

Taku goma ne tsakaninta da ƙofar ajin. Ba ta shiga ba. A nan bayan tankin ta tura hoton cikin gurup ɗin iyaye na waya, ta rubuta a ƙasa cewa kowa ya ga wadda suke bar wa amanar 'ya'yansu.

Kafin ta koma asibiti saƙo ya haura arba'in. Wata ta ce dama safar ɗanta guda uku sun ɓace a ajin nan. Wata ta ce 'yarta ta taɓa dawowa da ƙuraje a wuya. Wata kuma ta ce ita tun ranar farko idon matar nan bai kwanta mata ba. Maman Kurciya tana karantawa tana jin ƙafarta na ƙara kafuwa a ƙasa. Mutum arba'in ba za su taru a kan kuskure ba. Ba ta lura cewa duk arba'in ɗin da idonta suke kallo ba.

Shugabar gidan rainon mace ce mai zaƙin baki, wadda ba abin da take tsoro kamar a ce iyaye za su kwashe yaransu. Ta kira cikin awa ɗaya, ta ba da haƙuri har sau biyar, ta ce za a ɗau mataki. Ranar Juma'a babu Iya a ajin. Shekara tara tana wurin, aka sallame ta tsakanin azahar da la'asar. Maman Kurciya ta ji wani sanyi ya ratsa ta, irin wanda ba ta samu ba a kan ƙaton mutumin nan ko a kan oga. Ta sa wa sanyin suna adalci.

Sabuwar da aka kawo budurwa ce mai yin abin da aka ce kawai. An ce ta buɗe kula ta ba yarinya, ta buɗe ta ba ta. Ranar Litinin kular ta dawo da fiye da rabin abincin a ciki, ba a wanke ba. Tun a mota Kurciya ta ce ba ta so, yana da tsami, kuma ina Iya? Uwar ta juye sauran a shara fuskarta a kawar, don ranta a ɓace yake, wari kuma ai dole abincin da ya kai yamma ya yi. Ta ce wa yarinyar Iya ce ta lalata mata baki da burodi, kuma gobe in ta sake rage ko loma ɗaya za su gamu. Da safe ta ja wa budurwar kunne ta tsaya a kanta sai ta cinye.

Ta kuwa cinye. Ƙarfe uku da 'yan mintuna aka kira daga gidan rainon cewa Kurciya tana amai, ta yi zawo sau uku, ta yi laushi.

A asibitin da take aiki aka kwantar da ita. Ita da take soka wa mutum hamsin allura a rana ba ta ko ƙifta ido, sai ga ta ta kasa riƙe sirinji. Abokiyar aikinta ce ta nemo jijiyar a bayan ɗan hannun nan, uwar tana danne da kafaɗun yarinyar, Kurciya tana kuka tana kiran Iya. Ko a lokacin haushin bai rasa inda zai nufa ba. Ta ce ruwan gidan rainon ne. Ta ce budurwar nan ba ta wanke hannu. Har wani tunani ya gifta mata cewa ko tsohuwar ce ta yi wani abu don ramuwa.

Likitan bai kula da ko ɗaya ba. Ya tambayi me yarinyar ta ci, yaushe aka dafa, yaushe aka zuba, ƙarfe nawa aka buɗe. Tana ba shi amsa muryarta tana raguwa. An dafa shida na yamma. An ɗumama biyar na asuba, sama-sama, don tana sauri. An ci ƙarfe ɗaya. Ya tambaya ko kular tana riƙe zafi sosai. Ta ce sabuwa ce. Tana rufe baki ta tuna ranar da ta suɓuce daga jakar Kurciya ta gangara matakalar bene har ƙasa. Ɗan lotsawa kawai ta yi a gindi. Wata biyu ke nan.

Kwana biyu bayan an sallamo su, ta bar Kurciya a gida wajen babanta, ta yi abin da ya kamata mai aikin gwaji ta yi tun farko. Ta ɗumama abinci ƙarfe biyar yadda ta saba, ta zuba a jar kular, ta tafi da ita wurin aiki. Ƙarfe ɗaya daidai ta buɗe a ɗakin hutu. Abokiyar aikinta da ke can ƙarshen tebur ta toshe hanci ta tambaya ko wani samfurin gwaji ne aka manta a nan. Maman Kurciya ta sa yatsa a cikin shinkafar. Ba zafi, ba sanyi, ɗumi-ɗumi, daidai irin ɗumin akwatin da suke ajiye faranti a ciki in suna so ƙwayoyin cuta su yi yawa. Ta ɗebi cokali ɗaya ta kai baki. Ba ta san lokacin da ta juyar da kai wajen bango ta sunkuya ta tofar ba.

A sunkuyen nan ta tsaya. Ta san wannan sunkuyon, yana cikin wayarta.

Kunya ta rufe ta, amma kunyar ba ta yi minti biyar ba wani sabon haushin ya taso ya hau kanta. Wata biyu matar nan ta san abincin yana lalacewa, ta kasa buɗe baki ta faɗa? Da wannan ta tashi daga aiki. Mai gadin gidan rainon ne ya yi mata kwatance, yana magana yana kallon gefe.

Ɗaki ɗaya ne a bayan shagon masu walda. Iya tana zaune a ƙofa a kan kujera 'yar tsugunno tana wanki a baho. Ta ɗago ta ga mai zuwa, ta ci gaba da cuɗa rigar da ke hannunta. Maman Kurciya ta durƙusa ta gaishe ta. Iya ta amsa a taƙaice.

"Kin zo da wayar taki? Ga ni nan, ɗauki. Ki ce musu yanzu sabulu nake ci."

Maman Kurciya ta haɗiye wannan. Ta faɗi zancen kular, da gwajin da ta yi, da kwana biyun asibiti. A nan ne hannun Iya ya tsaya cak a cikin ruwa. Ta tambayi ya jikin yarinyar, tana cin abinci, an cire mata ƙarin ruwan? Sai da ta ji amsar duka ukun sannan ta koma wankinta.

"Iya, na yi miki laifi, na sani. Amma me ya hana ki gaya min? Wata biyu fa."

Iya ta matse rigar ta jefa a bokiti. Ta ce ko ta tuna ranar da ta fara kawo yarinyar? Ita Iya ta miƙa hannu suka gaisa, ta shafa kan Kurciya. Ko juyawa ba ta yi ba, uwar ta ciro wata 'yar kwalba daga jaka ta matsa a tafi ta murje hannuwanta, sannan ta kamo na yarinyar ta murje. A gaban idonta. Kuma kullum da yamma haka, da ta karɓi yarinyar daga hannunta sai kwalba ta fito.

"Na ce a raina, wannan ƙyamata take yi. In na ce mata abincinta ya yi tsami, cewa za ta yi hannuna ne ya tsamama shi."

Maman Kurciya ta ce wallahi sabo ne na wurin aiki. A wurinsu duk wanda ka taɓa sai ka goge hannu, sau hamsin a rana, har ba ta sanin tana yi. Ko mijinta ne ya miƙo mata makulli sai ta goge.

"To ni mijinki ne da zan sani?"

Iya ta ce sau biyu tana shirya maganar a bakinta, sai uwar ta shigo fuska a tsuke tana duban agogo, gaisuwar ma a tafe take jefo ta. Daga nan ta yanke cewa wannan irin uwar nan ce da ba ta san abin da take zuba wa 'yarta ba, ba ta kuma damu ta sani ba. Sai ta riƙa juye wanda ya lalace a shara, ta wanke kular don kada warin ya kama ta, ta raba abincinta na rana da yarinyar. Ta dubi kumfar da ke bahon.

"Kuma ba zan ɓoye miki ba, 'yar nan. In na buɗe na ji warin, daɗi nake ji. In ce ga mai tsaftar nan."

Maman Kurciya ta miƙe tsaye. "Da lafiyar 'yata kike jin daɗin?"

"'Yarki ba ta taɓa kwanciya ciwo a hannuna ba," in ji Iya, ba ta ko ɗaga murya ba. "A hannunki ta kwanta."

Injin masu walda ya yi ƙara ya ɗauke. Maman Kurciya ta tsaya tana huci. Abin da ya fi ba ta haushi shi ne kowacce a cikinsu tana da gaskiya daidai gwargwadon da zai ishe ta ta ci gaba da fushi. Ta ce za ta je ta gyara abin da ta ɓata. Iya ta ce ta gaida Kurciya, ta jawo wata rigar.

Washegari tun kafin a buɗe aji tana ofishin shugabar. Ta ajiye jar kular a kan tebur ta yi bayani tiryan-tiryan, ta ce a dawo da Iya. Shugabar ta saurara da murmushinta mai zaƙi, ta ce Allah sarki, abin bai yi daɗi ba. Sai dai an riga an ba wata gurbin, kuma iyaye sun ga hoto da idonsu, ba za su saki jiki ba. Maman Kurciya ta tambaye ta ko kafin ta kori mace mai shekara tara a wurin ta tambaye ta dalili. Murmushin ya ɗan ragu.

"Ke kin tambaye ta kafin ki tura hoton, Maman Kurciya?"

A bakin ƙofar ofishin ta tsaya ta rubuta a gurup ɗin. Ba ta rage wa kanta komai ba. Ta ce kularta ce ta lalace, abincinta ne ya yi tsami, Iya tofarwa take yi ba ci ba, kuma abincin bakinta take ba yarinyar. Ta roƙi duk wadda ta yi magana rannan ta sake yin magana yau, su taru su sa a dawo da ita. Ta riƙe wayar tana jira. Zuwa yamma amsa huɗu ta samu. Biyu sun yi wa Kurciya sannu. Ɗaya ta ce Allah ya kyauta. Ta huɗun mai safar nan ce, ta ce ita dai har yanzu safar ɗanta ba su dawo ba.

Iya ba ta koma ba. An ce yanzu wanki take karɓa daga gidaje. Maman Kurciya ta sayi sabuwar kula, ta daina ɗumamen sama-sama, kuma 'yar kwalbar nan ba ta ƙara fitowa daga jaka a gaban kowa sai a wurin aiki. Ranar Asabar takan kai Kurciya bayan shagon masu walda. Yarinyar ta ruga ta faɗa cinyar tsohuwar, Iya ta rungume ta tana tambayarta wa ya yi mata wannan mummunan kitson. Uwar kuwa a amsa gaisuwarta, a nuna mata benci, shi ke nan. Ta zauna tana kallonsu. Har yau takan ji haushin ya taso, wani lokaci na shugabar, wani lokaci na mai safa, wani lokaci na Iya da ta yi shiru wata biyu, amma mafi yawa na matar nan da ta tsaya a bayan tanki da waya a hannu.

Ke da kike karanta wannan da ɗanki a gefe, da kai ma uban, ku ji da kyau. Ranar da aka ɓata muku rai a waje, kada ku yanke wa kowa hukunci a kan 'ya'yanku, ko da kun gani da idonku, don ranar idon ma haushi yake yi wa aiki. In taku goma ne tsakaninku da ƙofa, ku mayar da wayar aljihu, ku shiga ku tambaya. Ku buɗe kular ku ɗanɗana da bakinku tukuna.